Lilon Sallah a Tandabawi

Ran Sallah Mas'uda ta kai jikokinta malahi, wurin wasan yara, kamar kowace shekara. Mai tikiti ya ce kuɗin shiga ya ninka, har ita da ba ta hawa komai sai ta biya.

"Kuɗin tsayuwa a rana zan biya? Wallahi ba da ni ba!"

Ta tasa yaran gaba suna kuka har unguwarsu, Tandabawi. Ta sa maƙwabta suka fiddo tsohon lilon katako da aka daina kafawa da Sallah, aka kafa shi a lungu. Kafin la'asar layin yara ya kai titi.

Wani uba ya miƙo mata riyal. Ta ture hannunsa.

"Kai wa masu malahi. Nan zo ka tura lilo."