Zagaye Ɗaya a Rana

Bulon ya suɓuce daga yatsun Mani karo na uku, ya faɗa cikin ɗan filin ƙwallon da yake haɗawa, ya gangara har bakin raga. Ya ɗauko shi da hannun hagu, ya damƙa wa na dama, ya sake kai shi kan bango. Sai da ya ciji leɓe kafin abin ya ce ƙas ya zauna.

Bulo ne na roba, irin na wasan 'ya'yan masu hali. Kowane ɗaya bai fi dabino girma ba, da 'yan haƙora a kansa da ke shiga cikin na sama. Autarsa Zulfa ce ta kawo masa daga Kano, kwali guda cike, mijinta Naziru ya same shi a cikin dilar gwanjo. A jikin kwalin akwai hoton filin ƙwallo irin na ƙasashen waje, zagayayye, mai kujeru hawa-hawa. Mani bai taɓa shiga irinsa ba. Ƙwallon da ya sani ita ce ta rediyo, sai wadda samari ke bugawa a gonar mai unguwa in an kwashe amfani.

Wata biyar ke nan da hawan jini ya kayar da shi a bakin rijiya, ya taɓa masa ɓarin dama. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannu ne ya ƙi. A asibiti aka ce ya riƙa tsintar wake safe da yamma don yatsun su saki. Ya ce shekara talatin da biyu yana gina wa mutane rumbu da ɗaki, ba zai zauna da faifai a cinya ba. Shi ne Zulfa ta zo ta dire kwalin a gabansa ta ce, “To Baba, ga gini.”

Ya kwantar da tsohon ƙyaure a kan turame biyu a zaure, a nan ya kafa tushe. Akwai littafi mai hotuna da ke nuna yadda ake haɗawa. Rana ɗaya ya duba shi ya cusa a ƙarƙashin tabarma. Littafin ya nuna a gama ɓangare ɗaya har sama, sannan a koma wani. Mani ya ce wanda ya zana wannan bai taɓa gina zagayayyen abu ba. Zagayayyen gini zagaye-zagaye ake ɗora shi, kamar rumbu, ko'ina ya tashi tare. Haka ya riƙa yi, kullum da hantsi zagaye ɗaya. In ya haɗe bakin, sai ya rufe da tsohon zane ya ce a bar shi ya sha iska.

Yau zagaye na sha tara ya haɗe. Filin ya cika ƙyauren, bangonsa ya kai tsayin kwanon awo, koriyar ciyawa a tsakiya, jajayen kujeru sun kewaye ta. Matarsa Indo ta shigo da kwanon fura ta tarar yana jawo zanen.

“Malam, wai ita roba ma bushewa take yi?”

“Gini gini ne.”

“To ko in kawo ruwa a yayyafa mata, kar ta tsage?”

“Ajiye furar ki tafi.”

Ta ajiye. Ta ga hannun daman da ya tura cikin aljihun riga, ta ga aljihun yana motsi shi kaɗai.

“Tabita ta biyo ɗazu,” in ji ta. “Ta ce Shago zai shigo bayan la'asar. Wai yau dai yake son jin magana ɗaya.”

Shago abokinsa ne tun suna kiwon awaki, gidansa na can unguwar Kiristoci, ƙetaren burtali. Rumbun da Mani ya gina masa shekara ashirin da ɗaya da suka wuce ya zube a ruwan Agusta. Dammunan gero na jibge a ɗakin matarsa Tabita, ɓera na biki a ciki, ga dawa ta fara ja a gona. Ɗansu Joel ya bugo waya daga Kano ya ce a kira Kamaruddeen mai bulo ya yi sito na siminti a huta. Shago ya ƙi, ya ce sai ya ji ta bakin Mani. Mako uku ke nan Mani na cewa a bari tukuna. Ya san in Shago ya kira mai bulo, shi ke nan, duk karkarar ta ji labari, babu wanda zai sake yin sallama a ƙofarsa don gini.

Bayan azahar ya yaye zanen. Ya yanke wa kansa hukunci: in hannun ya iya zagaye na biyu yau, zai karɓi aikin. In bai iya ba, Shago ya nemi wani.

Bulo goma na farko suka zauna lafiya. Daga nan yatsun suka fara nauyi. Babban yatsa ya daina jin abin da ya riƙe. Ya huta, ya murza shi a gwiwa, ya ci gaba. Bai kai kwatan zagaye ba hannun ya fizge da kansa, ya doki bango ta gabas. Kujeru da bulo suka watse a ƙasa, wasu har cikin kwanon fura.

Yana durƙushe yana tsinta da hagu Shago ya yi sallama, da fartanya a kafaɗa.

“Sarkin magina, 'yan kallo ne suka yi faɗa?”

“Akuya ce.”

Shago ya leƙa tsakar gida, ya ga akuyar ɗaure a turke tana tuƙa.

“Lallai akuyar nan da dogon wuya take.”

Ya jingine fartanyar, ya tsuguna ya taya shi tsinta. Ya tsamo guda uku daga cikin fura ya goge a wandonsa. Sannan ya zagaya ginin a hankali, hannuwa a baya, kamar wanda ya zo sayen bijimi a kasuwar shanu.

“Mutum nawa yake ci?”

“Naziru ya ce na gasken yana cin dubu sittin.”

“Dubu sittin su bar gona su zo kallon mutum ashirin suna gudu. To in an yi ruwa fa? Wannan ai kwano ne, iyo za su yi.”

“Buɗe idonka.” Mani ya nuna masa 'yan ƙofofi huɗu da ya bari a gindin bango. “Babu su a littafin. Ni na sa. Wa zai yi gini ba magudana?”

Shago ya sa ƙaramin yatsa a ɗaya, ya gyaɗa kai. Ya zauna a bakin tabarma.

“Gobe in an tashi daga coci zan shiga kasuwar Ɗanbatta. Kamaruddeen yana zama wajen masu siminti. In yi masa magana, ko in sayo goro in dawo?”

“Yi masa magana.”

“Hatsi gumi yake yi a siminti, ka sani. Kafin bazara ƙwari sun gama da shi.”

“Na sani. Yi masa magana.”

“Mutumin da ya tayar da wannan,” Shago ya nuna filin da haɓa, “shi ne zai ce ba ya iya rumbu?”

Mani ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora a gwiwa. Yatsun na karkarwa a fili, bai ɓoye ba.

“Ka gani. Shan iskar da nake cewa ƙarya ce. Roba ba ta bushewa, Indo ma ta sani, kunyata kawai take ji. Zagaye ɗaya hannun nan ke iya yi a rana. Daga nan ya mutu, sai gobe. Yau na gwada na biyu, ga abin da ka tarar.”

Shago ya daɗe yana kallon hannun. Ya ciro goro ya ɓare, ya miƙa masa rabi.

“Wancan rumbun nawa, kwana nawa ka yi kana gina shi?”

“Ashirin da uku.”

“Zagaye nawa kake ɗorawa a rana?”

Mani ya jujjuya goron a hannu.

“Ina tambayarka. Na roƙe ka ka yi biyu don mu gama da wuri, ka ce in na sake magana za ka tafi ka bar mini shi rabi. Ka ɗora ɗaya, ka wanke hannu, ka zauna gindin ɗorawa ka cinye mini gyaɗa har la'asar. Tabita har yau tana maganar gyaɗar nan.”

“In ba a bar na ƙasa ya bushe ba, na sama zai danne shi ya buɗe.”

“To ni me na ce?”

“Ƙasa ba roba ba ce, Shago. Curi ɗaya ya fi duk kwalin nan nauyi.”

“Wa ya ce ka ɗauka? Ni zan kwaɓa, ni zan cura, ni zan ɗora maka a kan bango. Kai ka danna ka shafe. Abin da ban iya ba ke nan.”

“In an kai sama fa? Tsani?”

“Ƙafarka ai lafiyarta lau. Jiya na hango ka kana bin kaza da sanda.”

Mani ya tauna goron. Ya kalli ɓarin gabas da ya rushe, ya kalli zagaye sha taran da ke tsaye ba ko karkata.

“In ya fito a karkace fa?”

“Sai in ce akuya ce.”

Mani bai yi dariya ba, amma ya tofar da goron gefe ya gyara zama.

“Kar ka ɗebo ƙasar bayan gidanka, yashi ya yi mata yawa, ita ta kayar da wancan. Ka je kududdufin yamma ka haƙo ja. Ka zuba mata ruwa jibi, ta kwana uku. Ciyawar haɗi ka yanka ta gajere, kar ta wuce yatsa. Duwatsun gindi tara nake so, ba bakwai ba.”

“Wancan bakwai ka sa.”

“Wancan ina da hannu biyu, ga shi ya faɗi.”

Shago ya miƙe ya saɓa fartanya. A bakin ƙofa ya juyo.

“Joel fa, me zan ce masa?”

“Ka ce ya aiko da gyaɗa.”

Da ya fita, Mani ya tattara bulon da suka zube ya mayar cikin kwali. Bai gyara ɓarin gabas ba, wannan aikin gobe ne. Ya ja zanen ya rufe filin, ya danne gefensa da dutse. Indo ta shigo ɗaukar kwano.

“Waken nan da aka ce,” in ji shi, yana kallon bango, “akwai wanda ba a tsince ba?”

“Kwano biyu.”

“Kawo ɗaya. Da faifai.”

Ta juya za ta fita.

“Indo. Saki labulen ƙofar tukuna.”