Rumbun Inna Kulu

A shekarar da sarakunan kasuwa na Gusau da Tsafe da Bungudu suka yi shiri, kowa ya ji a jikinsa. Kayan da aka biya wa kuɗin ƙofa a gari ɗaya ba a sake tare su a sauran biyun, mudun awo kuma ya zama ɗaya. Gishiri ya sauko, kanwa ta sauko. Sahabi, manomi a Karakkai, wanda a da jakunansa biyu ba sa wuce Bungudu, ya koma kai hatsi har Tsafe da jakuna huɗu. Ya sayo wa mahaifiyarsa, Inna Kulu, zane baƙi mai sheƙi.

Ta ji daɗin zanen. Abin da bai kwanta mata ba shi ne wasu baƙi daga arewa da suka fara zuwa har ƙofar gida neman gero. Ba sa tayi. Duk abin da aka faɗa sai su miƙa, su ɗaure buhu da sauri, ba sa ɗaga ido.

Wata safiya ta tarar Sahabi ya jingina tsani a tsohon rumbu, mai geron shekara uku.

"Sauko," in ji ta.

"Inna, kowa ya sayar. Damina na bakin ƙofa, za mu cika shi da sabo."

"Ka tambayi mutanen nan abin da suka baro a garinsu?"

Bai tambaya ba. Ta jawo tabarma ta zauna a gindin rumbun, ba ta tashi ba sai da ya ɗauke tsanin.

Ruwa ya sauka sau ɗaya, aka yi shuka, daga nan sama ta bushe. Tsiro ya kai tsawon yatsa ya kwanta. Maƙwabta suka fara leƙen rumbun idan sun zo gaisuwa.

Sahabi ya kora jakunansa wofi zuwa Tsafe, can kudu, inda aka ce an samu ruwa. Babu wanda ya tare shi a ƙofa, ya samo dawa kayan jaki uku. Ranar da ya dawo, Inna Kulu ta fito tarbarsa, sai ta hango mutane a bayansa, mata da tsofaffi, sun fi talatin. Tun daga Bungudu suke bin jakunan.

"Inna," ya ce da ƙaramar murya, "wasu na tafe."

Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce a fito da babbar tukunya.