Teku Ko Dutse

Sau uku layi yana kawo Malama bakin tagar sayar da tikiti, sau uku tana matsawa gefe ta ce wa na bayanta ya wuce. A na huɗu sai mai sayar da tikitin, wata doguwar mata mai tabarau, ta ajiye biro ta dube ta.

"Mama, motoci biyu ne kawai suka rage yau. Ta bakin teku da ta kan dutse, duk ƙarfe goma za su tashi. Wacce za ki shiga?"

Ai da ta sani da ba ta tsaya nan ba. Shekara talatin da huɗu ke nan ita da mijinta, mai gyaran agogo, suna musu a kan garuruwan nan biyu. Ita tana son ta ga teku ko sau ɗaya kafin ta mutu. Shi kuma ya kafe a kan birnin kan dutse, wai ruwa ai ruwa ne, akwai shi a famfo. Mutum ne mai taurin kan tsiya, wanda ko gishiri ya yi yawa a miya, in dai shi ya zuba, sai ya ce harshenta ne ya lalace. Da ta ajiye aikin koyarwa, sai ya ce to lokacin tafiyar ya yi. Zai fara zuwa ya kama musu masauki, amma ba zai faɗa mata garin ba sai ya dawo. Ya ɗauki ƙaramar jakarsa ya fita yana dariya. Yau kwana tara.

Jiya da rana aka kira ta sau biyu, tsakani bai kai minti goma ba. Na farko daga ɗakin ajiye gawa na birnin bakin teku: ruwa ya turo wani mutum, da katin shaidar mijinta a aljihu, fuskar ba ta ganuwa, kuma in ba ta iso yau ba, gobe da safe za a binne shi tare da waɗanda ba a zo nema ba. Na biyu daga asibitin birnin kan dutse, inda ta aika cigiya: an kawo wani dattijo daga hatsarin mota, ba takarda a jikinsa, ba ya magana, amma yana numfashi. Sun turo mata hoto, duk bandeji ne sai kunne ɗaya a waje. Ta ƙura wa kunnen ido har wayar ta mutu, sai kunya ta kama ta, don ta gane ba ta san kunnen mijinta ba.

Ta tambayi kowannensu ko akwai tabo a ƙwaurin hagu. Dukansu suka ce akwai.

Ta zaro hotonsa daga jaka ta tura ta ƙarƙashin gilashin. "'Yata, ko kin ga wannan mutumin? Kwana tara da suka wuce."

Matar ta ɗaga tabarau ta duba.

"Baban nan da ya ce agogon bangonmu yana latti da minti huɗu? Na gan shi. Daidai inda kike tsaye ya tsaya, yana ta ce wa mutane su wuce. Shi ma sau uku."

 Malama ta ɗan janye ƙafarta daga wurin.

"Wane gari ya yanka?"

"Duka biyun."

"Duka kamar yaya?"

"Ya ce in ba shi kowanne ɗaya, zai yanke shawara a bakin ƙofar mota. Na ce Baba ai asara ce. Ya ce ba ki san matata ba." Ta mayar da hoton. "Wallahi ban ga wadda ya shiga ba, Mama. Daga nan ba a hango ƙofofin."

Malama ta juya ta kalli filin tashar. Motocin suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, launi ɗaya, labule ɗaya, injunansu suna gurnani a hankali. Tsakaninsu akwai wani siririn lungu mai inuwa, wanda mutum ɗaya kawai zai iya bi, kuma ƙofofin biyu suna kallon juna a cikinsa. Duk wanda ya shiga lungun sai ya ɓace wa ido, ba a ganin ko hagu ya yi ko dama.

Lissafin a fili yake, shi ya sa tsoro ya kama ta. Idan ya bi ra'ayinta, sau ɗaya tak a rayuwarsa, to shi ne kwance a cikin sanyi, kuma in ba ta je yau ba za a rufe shi ba tare da kowa nasa ba. Idan kuma ya yi halinsa, to ɓarawo ne ya zare masa kati a tasha, shi kuwa yana can kan dutse yana numfashi. Ita da ta shekara talatin da huɗu tana roƙon Allah ya sassauta wa mutumin nan taurin kai, sai ga ta a bakin taga tana roƙon kada a ce an amsa mata.

"Ba ni na kan dutse," ta ce.

Ta bi lungun, ta yi dama. Kujerarta tana jikin taga, har tana iya ganin fasinjojin ɗaya motar ta gilashi biyu, bakinsu yana motsi ba sauti. Kujerar da ke daidai da tata a can babu kowa.

Saura minti huɗu goma ta cika a agogon hannunta, wanda shi ya saita shi, wayarta ta yi ƙara. Muryar wani mutum ce mai ladabi, bayansa kuma wani shuu yana zuwa yana komawa, ƙarar da ba ta taɓa ji ba amma ta gane ta nan take.

"Ranki ya daɗe, daga masaukin baƙi nake kira, nan bakin teku. Wani dattijo ya kama ɗakin mutum biyu, ya nace sai mai kallon ruwa. Ya fita tun ranar da ya iso bai dawo ba. Yau muka buɗe jakarsa muka ga lambar nan a jikin wata takarda. A ƙasa ya rubuta, 'Ke kika ci.' Ko mijinki ne?"

Ta gilashi ta ga direban motar teku yana hawa mazauninsa. Ƙofarsu a buɗe take har yanzu, taku biyu ne tsakani.

"Ranki ya daɗe, kina ji na?"

"Ina ji," ta ce, muryarta ba ta ko rawa. "Kun yi kuskuren lamba, ɗana. Mijina bai taɓa bari na ci ba."

Ta kashe wayar, ta ja labule ta rufe tagar, ta ɗora jakarta a kan cinya ta riƙe da hannu biyu. Motar ta fara ja da baya.