Hannun Direba

Ranar Litinin ce, makon farko na watan Mayu. Tun da hantsi zafi ya kori karnuka ƙarƙashin motoci, hadari kuwa ko alamarsa babu. A ranar Eleuterio ya fara zuwa shagon Don Nicanor, mai saƙar takalman fata a bayan kasuwar garin Sahuayo. Eleuterio shekararsa arba'in da huɗu. Ya yi shekara goma sha tara yana jan tirela kafin ciwon sukari ya cinye masa ido, ya kuma yi shekara shida zaune a ƙofar tashar mota yana sayar da soyayyiyar gyaɗa da barkono.

Yareli ce ta kawo shi, wata matashiya ma'aikaciyar ƙungiyar da ke nema wa masu nakasa wurin koyon sana'a. Sharaɗin a fili yake. Zai yi mako goma sha biyu yana koyo, daga ƙarfe takwas zuwa biyu. Ranar ƙarshe zai saƙa takalmi goma. In takwas suka yi kyau, bencin da ke kusa da taga ya zama nasa, da albashi duk Asabar. Lokacin koyon shi ne lokacin cinikin tasha, don haka sai da ya saki wurinsa, shugaban 'yan tebur ya ba wani. Kowa ya san wurin da aka saki a tasha ba ya dawowa.

Aikin bai ba shi tsoro ba. A jiƙa igiyoyin fata su yi laushi, a ɗaura tafin takalmi a jikin ƙafar katako, a zura igiya ta huji, a bi da ita sama da ƙasa har fuskar takalmin ta rufe. Daga nan a kai bisa rufi ya bushe. Duk aikin yatsu ne. Aka zaunar da shi kusa da Doña Cuca, dattijuwar da ta shekara arba'in tana saƙa a shagon, aka ce ita za ta koya masa. A bayansu wani ma'aikaci, Macario, ke yanka tafin takalmi daga tsofaffin tayoyi, bakinsa ba ya hutawa.

"Direba, riƙe sitiyari da kyau, akwai kwana wajen ƙaramin yatsa," in ji Macario.

"Kai dai kula da tayarka. Daga nan ina jin ta yi faci."

Kafin mako uku yatsunsa sun haddace hanya. Duk takalmin da ya gama sai ya ɗaure ƙarshen igiyar daga ciki da irin ƙullin da yake ɗaure kaya a bayan tirela, sannan ya miƙa wa Doña Cuca.

"Yaya kika gani, Doña?"

"Ya yi, ɗana. Hannunka na da albarka."

Kullum amsar ke nan. Sai ta tura masa tamal, wani irin alalan masara, mai zafi a cikin ganyensa, ta ce ya ci kada sukarinsa ya sauka. Duk Juma'a Yareli takan leƙo da takardarta ta tambayi yadda ake ciki, kowa ya ce lafiya lau, ta rubuta, ta ɗauki hoto, ta wuce. Eleuterio har ya fara gaya wa matarsa cewa a watan Agusta za su daina cin wake tsura.

A mako na goma ne, ranar Laraba, ya fita ƙarfe biyu kamar kullum, sai ruwa ya kece kafin ya kai bakin titi. Ya tsaya ƙarƙashin wata rumfa har ya gaji, motar unguwarsu ba ta zo ba. Ya juya da sandarsa ya koma shago. Ƙarar ruwa a kan kwano ta hana kowa jin shigowarsa. Ya laluba bencinsa, ya kai hannu inda ya bar takalman ranar, bai ji komai ba. Ya matsa hagu, hannunsa ya sauka a kan takalmi a cinyar Doña Cuca. Rabin saƙar a warware take. Ya zura yatsa ciki, ya ji ƙullinsa.

"Doña, wannan nawa ne."

Wuƙar Macario ta tsaya.

"Me ya same shi?" in ji Eleuterio.

"Ɗan gyara ne kawai, ɗana."

"Gyara ne sai an warware shi har ƙasa? Sauran ukun fa?"

Macario ne ya amsa, ba wasa a muryarsa. "Ta riga ta gama da su, direba. Kullum haka take yi. Kana fita take farawa, ba ta tashi sai ƙarfe biyar."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Eleuterio ya zauna a hankali. Ya tambayi mene ne laifin saƙar, sai Doña Cuca ta fara kame-kame, wai ba laifi ba ne, kowa da irin hannunsa. Don Nicanor ya fito daga ciki yana share hannu, ya faɗa masa kai tsaye.

"Kana jan igiya da ƙarfi, kamar kana ɗaure buhunan masara. Fata jiƙaƙƙiya ce, in ta bushe sai ta tsuke. Naka yana bushewa ya nannaɗe, ko yaro ba zai sa ƙafa ciki ba."

"Kai ma ka sani ke nan, maigida."

"Na ce ta gaya maka."

"Da ba ta gaya mini ba fa?"

Don Nicanor ya yi gyaran murya. "Na ɗauka da kanka za ka gane."

"Da me zan gane? Ana karɓe shi daga hannuna yana jiƙe, a kai rufi. Ban taɓa taɓa busasshen takalmina ba ko sau ɗaya."

Doña Cuca ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Ta ce ita ba za ta iya duban bawan Allah da ya rasa idonsa ta ce masa aikinsa bai yi ba. Ta ce ta ga yadda yake murna.

"Doña, lokacin da kike koyo, wa ya koya miki?"

"Mahaifin Nicanor."

"In kin ɓata, me yake yi?"

"Ya jefe ni da ƙafar katako." Ta ja hanci. "Har yau akwai tabon."

"To ni me ya sa ba a jefe ni ba?"

Eleuterio ya karɓi takalmi ɗaya da bai gama warwaruwa ba, ya saƙa shi yadda ya saba, ya ce a bar masa shi ya bushe haka nan. Washegari, bayan rana ta buɗe ta gasa shi, Macario ya sauko da shi daga rufi. Takalmin ya ƙanƙance, hancinsa ya ɗaga sama, ya yi tauri kamar busasshen kifi. Eleuterio ya cire nasa takalmin ya gwada. Yatsu uku ne suka shiga.

Ranar Juma'a ya tari Yareli tun daga ƙofa, ya roƙi a ƙara masa wata ɗaya. Ta juya takardunta, ya ji muryarta ta rikice.

"Amma, Don Eleuterio, duk makonnin nan an rubuta kana ƙoƙari sosai."

"Ke kika rubuta. Kin taɓa sa ƙafa a takalmina?"

"Ni ba masaƙiya ba ce. Abin da aka gaya mini nake rubutawa."

Ƙari ba zai yiwu ba. Akwai wata kurma da ta shekara tana jiran layi, kuma an riga an ba ta rana. Yareli ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, ya kuma san da gaske take. Wannan ya fi ba shi haushi. Duk wanda ya juya wajensa mutumin kirki ne, ya rasa wanda zai yi wa ihu.

Saura kwana goma sha ɗaya na aiki. Ya ci gaba da miƙa wa Doña Cuca, amma bakinta ya kasa. Sai ta ce, "Ya kusa, ɗana." Ya ja bencinsa baya, kusa da Macario, wanda bai iya saƙa sosai ba amma ya iya zagi.

"Sassauta, jaki. Ƙafar mace za ta shiga nan, ba gatari ba."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ka saki da yawa, kamar wandon kakana. Warware."

Ya warware. Ya sake. Yana sane, hannun yakan yi laushi. Da zarar hankalinsa ya ɗan tafi, sai wuyan hannun ya fizge igiya da kansa, yadda ya saba fizga shekara goma sha tara a bakin hanya. Yatsunsa suka tsage. A gida ya riƙa gwadawa da igiyar shanya a jikin ƙafar matarsa, tana cewa nan ya matse, nan ya yi daidai. A cikin kwanakin nan ya koyi abin da ya fi na mako goman baya, kuma sanin hakan ya hana shi jin daɗi ko kaɗan.

Ranar gwaji ya gama na goma ƙarfe biyu saura. Doña Cuca ta matso, ta rage murya.

"Bar su nan, ni zan kai rufi. Nicanor ba zai ƙirga ƙulli ba."

"Daga nan kuma fa, Doña? Ki riƙa kaiwa ƙarfe biyar har ki mutu?"

Ya zuba su a buhu, ya tafi da su gida, ya shanya a tsakar gidansa, yana shigar da su duk lokacin da matarsa ta ce hadari ya haɗu. Ranar Litinin ya dawo da su. Don Nicanor ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, yana lanƙwasawa, yana zura hannu ciki. Eleuterio yana jin inda kowanne ke sauka, wasu kan tebur, wasu ƙasa.

"Shida," in ji Don Nicanor. "Shidan nan kuwa zan iya sayar da su yau. Da ka samu wata ɗaya a kan haka..."

"Na samu wata biyu da rabi, maigida. A nan na yi su."

Ya ɗauki sandarsa. Doña Cuca ta tura masa tamal a hannu, ya ajiye shi a kan benci ya fita. Ya bi ta tasha, ya ji muryar wani a wurinsa yana kiran gyaɗa, ya wuce bai tsaya ba.

Mako goma sun tafi a kan yabo. Takalmi sama da ɗari da hamsin da ya saƙa a cikinsu, ko ɗaya bai kai ƙafar mutum da saƙarsa ba. Wurin shekara shida a ƙofar tasha ya zama na wani. Bencin kusa da taga ya kuɓuce masa saboda takalmi biyu.