Fatakar da Aka Yi Wa Fushi

"Ki ajiye tokar nan, don Allah!" in ji Hambali, tun bai gama jingine babur ɗinsa ba.

Fiddausi ta ɗago kai daga bakin kwano, rabin lemon tsami a hannunta. A gabanta kuɗin azurfa ne irin na zamanin Turawa, an shirya su a zare kamar sarƙa, sun sha goga har suna ɗaukar ido.

"Malam, gyara maka su nake yi."

"Na gani. Allah ya saka. Amma tsaya haka nan."

Shekarunsa da dama yana wannan sana'a a kasuwar Gwarzo, yana duba tsofaffin kuɗi yana tura hotunansu ga masu tarawa a Kano da Legas, kuma ya san babu abokin gabarsa kamar mace mai tsafta. Duk gidan da aka ce yana zuwa, toka da lemo sai sun riga shi isa.

Inna Altine, surukar Fiddausi, tana zaune a kan tabarma a gindin darbejiya. Hambali ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da hanyar zuwa ƙauyen nasu na Masanawa. Sannan ya yi mata jajen san da suka rasa. Ɗaya daga cikin shanun huɗar ɗanta Lukuman ne ya kumbura ya mutu, ga damina ta kawo kai, kuma sa ɗaya ba ya jan garma.

"Shi ya sa na ce a kira ka," in ji tsohuwar. "Ka ɗauke su ka ba da abin da ya samu. Ni dai kada ka sayar a inda zan gani a wuyan wata."

Ta faɗa da ƙarfin hali, amma idonta bai bar zaren ba. Hambali ya ji tausayinta.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya fito da ɗan gilashinsa mai ƙara girman abu, ya fara bi ɗaya bayan ɗaya. Aikin bai ba shi wuya ba. Sulalla ne da fatakoki masu sule biyu-biyu, azurfa ta gaske, don da ya ɗana ɗaya a yatsa ya ƙwanƙwasa sai da ta yi doguwar ƙara. Amma kowace an huda ta. Kan sarkin da ke jiki ya shafe, babu gemu babu kambi, bishiyar da ke baya ta zama kamar tsinken tsintsiya.

"Wannan ta bakin zare, ta uwata ce," in ji Inna Altine. "Da ita aka yi mini kitso ranar da aka kawo ni garin nan. Waccan mai lanƙwasa kuwa Lukuman ne ya tauna da yana haƙori."

"Ai na ga aikinsa," in ji Hambali. "Inna, gaskiya zan faɗa miki. Masu tarawa ba sa son kuɗin da aka huda, ba sa son wanda ya goge, wanda aka wanke kuwa ko kallo ba sa yi. Waɗannan sai dai maƙeri ya auna ya narka. Ko akuya mai kyau ba za su saya ba."

"Ya narka?"

"Ya narka."

Fiddausi ta ɓoye lemon a bayanta. Da wani ne da ya sassauta magana, amma Hambali bai iya ba, kuma bai taɓa ganin amfanin daɗin bakin da ba ya sayen sa ba. Ya fara naɗe ƙyallensa.

"Saura mummunar nan ta cikin batta," in ji Fiddausi a hankali. "Ita na bari ƙarshe don ta fi dauɗa."

"Bar wannan," in ji Inna Altine da sauri. "Ba ta cikin lissafi."

"A dai kawo in gani, Inna. Gani ba saye ba ne."

Aka kawo wata tsohuwar batta ta fata, ciki da tsumma. Da ya warware, fataka ce guda, ta yi duhu kamar gindin tukunya. Ya kama ta ta gefe da yatsu biyu, ya juya wajen haske, ya kafa gilashi.

Babu huji. Gashin gemun sarkin a tsefe yake ɗaya-ɗaya, duwatsun kambin duk suna nan, kowane ganye na bishiyar da tsagarsa. Zanen gefe bai dakushe ba. Ƙarƙashin duhun nan kuma, in ya karkata ta, ƙyallin asali yana zagayawa kamar mai a kan ruwa. Ya duba shekarar da ɗan harafin da ke ƙasa, mai nuna inda aka ƙera ta. Akwai wani Alhaji a Kano da ya daɗe yana damunsa a waya kan irin wannan.

"Inna, wa ya taɓa kashe wannan?"

"Babu."

"Wa ya taɓa sa ta?"

"Ni zan sa ta?" Ta ja tsaki. Sai labarin ya fito. Tana amarya, mijinta marigayi Ja'afaru ya kai karsanarta kasuwa, wadda ubanta ya ba ta, ya sayar ba da saninta ba. Da ta yi kuka ta ƙi cin abinci, sai ya sayo wannan wajen wani maƙerin fari a Kabo, wai ta huda ta ƙara a kitso. "Karsana guda, ya kawo mini kuɗi ƙwaya ɗaya! Na ƙunshe ta na jefa a batta. Mun zauna lafiya, mun haifi 'ya'ya, amma har ya koma ga Allah ban sa ta ba. Yana sane kuwa."

Hambali ya yi dariya har gilashin ya faɗo masa a cinya.

"Inna, Allah ya yi wa fushinki albarka. Da kin huce, da kin huda ta. Wannan ita kaɗai za ta sayi sa. Ba ƙato ba, amma zai ja garma. Yanzu zan tura hotonta, kuma a gabanki za a yi cinikin."

"Kai ɗan nan, kada ka yi mini wasa."

"Ba na wasa da azurfa."

"Waɗancan fa?"

"Naki ne. Ki mayar wuyanki."

Fiddausi ta ɗauraye zaren ta miƙa mata. Tsohuwar ta riƙe shi a cinya, amma fatakar take kallo. Can ta miƙo hannu.

"Ta gefe za ki kama, Inna, kada yatsa ya hau fuskar."

Ta kama ta gefe kamar yadda ya ce, ta kawo ta kusa da idonta. Wannan ne karo na farko da ta dube ta da kyau, kuma sai ta ga abin kyakkyawa ne, an zaɓo shi ne ba tsinta aka yi ba. Idonta ya cika.

"To, Malam," ta ce, ba da Hambali take ba, da marigayi mijinta take. "Ka daɗe, amma ka biya."

Ta ɗora ta a kan farin ƙyallen, ta shiga ɗaura zarenta a wuya.