Fararen Kambas a Kan Shinge

A ƙauyenmu ba sai ka tambayi kowa ba ka san ranar Asabar ce, shingen gidaje kawai za ka duba. Kambas na 'yan makaranta za ka gani a kife a kan sanduna, an wanke su da buroshi, an shafe su da ruwan alli, suna shan rana kafin a koma aji, don a nan Lahadi ce ranar farko ta makaranta. Mak Esah maƙwabciyata ƙafa huɗu take shanyawa, na jikokinta. A namu shingen ƙafa ɗaya ne, na jikata Irdina.

Mu biyu ne a gidan. Uwarta, 'yata ta fari, ta rasu Irdina na da shekara shida. Uban yana tuƙa babbar mota can kudu, ya yi wani auren, sai da Sallah muke jin muryarsa. Matata ma ta bi 'yarta bayan shekara uku. Sai ya rage ni da yarinyar, da wata kantar katako da na kafa a baranda inda nake ajiye abubuwan da na tsinta: kwakwa mai tsiro biyu, ƙwan kaza da bai fi ɗan yatsa ba, dutse mai siffar kunne, da dodon koɗi wanda murɗinsa ya yi hagu alhali na duk sauran dama yake yi. Tana ƙarama ita ce mai tsinto mini rabinsu.

Shekararta goma sha huɗu ranar da ta tsaya. An gama girbin shinkafa, ana ƙona kara a gonaki. Na dawo daga masallaci na same ta a bakin gadar katako da ke kan magudanar ruwan gona, riƙe da keke, cikin kayan makaranta. Yara suna ta wuce ta suna kaɗa ƙararrawa.

"Dina, taya ce ta sace?"

"Tok Wan," ta ce, haka take kirana, wato Kaka, "ƙafata ta ƙi."

Na duba ƙafar, lafiya lau. Amma gumi ya jiƙe ɗankwalinta, tana numfashi kamar wadda aka biyo. Na karɓi keken muka koma gida. Na ce gobe. Gobe ta kai bakin gadar ta juyo. Jibi ba ta sauko daga matakalar gidanmu, wanda ke kan turakun katako, ba. Kafin wata ya mutu ta daina buɗe tagar ɗakinta. Na kai ta wurin wani malami a gindin dutse, ya yi mata addu'a, ya ce a yi mata wanka da lemun tsami kwana uku. Muka yi. Gidan ya yi ƙamshi, ita kuwa ta koma ta kwanta.

Asabar ta farko na ga shingen Mak Esah ya yi fari, namu babu komai. Sai na ji kamar an yaye wa gidan zane. Na ɗauko kambas ɗin. Babu datti a jikinsu, don haka ban ga abin wankewa ba. Na dai girgiza kwalbar allin, na shafa, na kife su a kan sanda. Asabar ta gaba na ƙara.

Mak Esah ta leƙo ta saman shinge, tsintsiya a hannu.

"Seman, wai ina 'yar gidan? Jikokina sun ce ba sa ganinta."

"An sauya mata makaranta. Ta cikin gari. Tun da duhu mota ke ɗaukarta."

"Lallai mota ce mai ladabi, ko tari ba ta yi. Ni da nake jin ka in ka yi atishawa."

"Kunnenki ya tsufa."

"Tare da naka aka haife shi, tsohon banza."

Wasiƙu suka fara zuwa daga makaranta. Ta farko na karanta ta a hankali har ƙarshe. Ta biyu tana da jan hatimi. Ta uku ban buɗe ba. Na sa su a gwangwanin biskit a ƙarƙashin kantar. Na san abin da ya sami ɗan gidan Pak Dolah mai kamun kifi: masu kula da yara suka zo suka tafi da shi gidan gwamnati, bai dawo ba sai da gemu. Na ce wa kaina in dai kambas na kan shinge, babu wanda zai taɓa ta. Na kuma ce ai akwai ciyawar nan da in ka taɓa ta sai ta naɗe ganyenta, in ka ƙyale ta ta buɗe da kanta. Na ƙyale ta. Ina ajiye mata shinkafa da kifi a bakin ƙofa, in ci tawa a baranda ina kallon hayaƙin gonaki. Kwanon yakan dawo da fiye da rabi.

Wata Litinin da hantsi mace ta haye gadar da ƙafa, don mota ba ta iya hawa. Gajeriya ce, da jaka a kafaɗa, ƙasan doguwar rigarta ya kwashi ƙaiƙayi. Ta yi sallama, ta cire takalmi a gindin matakala, ta ce sunanta Puan Rohaiza, wato Malama Rohaiza, daga ofishin kula da yara na gunduma.

"Pak Cik," ta ce, wato Baba, "Irdina na zo gani."

"Tana makaranta, Puan. Ta cikin gari."

"Wacce?"

Na faɗi sunan wadda na taɓa gani ta tagar bas. Ba ta rubuta ba. Ta ce to bari ta ɗan huta, rana ta yi zafi. Na kawo mata shayi. Idonta ya faɗa kan kantar.

"Wannan kwakwar tagwaye za ta haifa?"

Rabon da wani ya tambaye ni kan kayan nan tun Irdina na firamare. Sai bakina ya buɗe. Na nuna mata ƙwan, na nuna mata dutsen, na sa ta ta kara shi a kunnenta ta gani. Ta yi dariya da dodon koɗin, ta ce shi ma bahago ne kamar mijinta. Sannan ta nuna wani farin abu mai lanƙwasa, kamar ɓawon ƙwai amma ya fi kauri.

"Wannan fa? Na teku ne?"

"A'a! Shi ne ma ya fi ban mamaki. Duba gefensa, hawa-hawa ne, kowane sati da nasa. Daga bakin kambas ya ɓanɓaro, ai in kana ta shafa alli ba ka wankewa, sai ya..."

Agwagin Mak Esah suna ta surutu a ƙarƙashin gida.

Puan Rohaiza ta ɗaga abin wajen haske, ta bi gefensa da farce a hankali, leɓenta na motsi.

"Goma sha ɗaya," ta ce. "Daidai da abin da makaranta ta rubuto mana. Pak Cik, ni ma shekara goma sha ɗaya na yi ina wanke kambas duk Asabar. Wanda aka taka ƙasa da shi ba a shafa masa alli sai an wanke. Ina takalman?"

Na ciro su daga bayan buhun shinkafa. Sun yi tauri kamar an gina su da yumɓu. Ta juya ƙasansu. Zanen robar yana nan kamar jiya aka saya.

"Tana ciki?"

"Puan, kada ki tafi da ita. Ba ta yi wa kowa komai ba. Ina ba ta abinci. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, tambayi kowa."

"Ban ce ka dake ta ba. Amma zan gaya maka gaskiya: ka ɓoye yarinya marar lafiya sati goma sha ɗaya, ka kuma yi mini ƙarya ina shan shayinka. Da wannan kaɗai zan iya kai maganar gaba a ajiye ta a gidan gwamnati. Bari in gan ta tukuna."

Ta ƙwanƙwasa ƙofar, ta faɗi sunanta, ta jira. Ta daɗe tana jira, ba ta tura ba. Can sai sakata ta motsa.

Na zauna a matakala. Inuwar itacen mangwaro ta taso daga rijiya ta iso ƙafata. Ina jin muryar matar ƙasa-ƙasa, da wata murya da na ɗan jima kafin in gane ta jikata ce. Aka kira azahar ban tashi ba.

Da ta fito sai ta zauna a matakalar da ke ƙasa da tawa, abin da ban taɓa ganin ma'aikacin gwamnati ya yi ba.

"Ciwo ne, Pak Cik, kamar na suga ko hawan jini, sai dai a zuciya da tunani yake. Yana da likita, yana da magani. Ta ce mini da safe in ta buɗe ido, baƙin ciki take ji da ta farka. Ka gane abin da nake nufi?"

Na gane.

"Yau za ta ga likita a birnin Alor Setar. Na rubuta cewa tsoro ne ya sa ka, ba sakaci ba, don haka ba gidan gwamnati za ta ba. Ta ce tana da inna a can, Mak Lang Zaiton. Na kira ta, ta yarda. In an sallame ta can za ta zauna, kusa da asibiti."

"A bar ta nan mana. Ni zan riƙa kai ta, ko a keke ne. Ba ta saba da kowa ba, da ni kaɗai take magana."

"Me ta ce maka na ƙarshe?"

Na lalubi kaina. Na tuna ƙarar kwano a kan katako, na tuna sakata. Magana kuwa ban samu ba sai waccan ta bakin gada.

"Ba za ta dawo nan ba sai likita ya ce," in ji ta a hankali. "Ba horo ba ne."

Kafin su haɗa kaya na ɗauki kambas ɗin da buroshi na gangara magudana. Allin ya riƙa sakin jiki yana tafiya, ruwan ya yi fari har ƙarƙashin gada kamar an wanke shinkafar biki. Da na gama sai ga su sun koma 'yan ƙanana, masu laushi, da ɗan tabon tawada a diddigen hagu wanda na manta da shi. Na sa su a leda suna ɗiga.

Irdina ta sauko da silifa. Hasken rana ya sa ta rufe ido; rigarta ta yi mata yawa. A bakin gada ta tsaya cak. Puan Rohaiza ta riƙe gwiwar hannunta. Ni na shiga gabanta ina tafiya da baya, ina gaya mata cewa kwakwar nan tsiro na uku take nema, na ga alama, in ta dawo za ta gani. Katako tara ne gadar. A na bakwai ta ɗago ta dube ni.

"Ƙarya kake yi, Tok Wan."

"Rabi da rabi."

Ta karɓi ledar. Motar Puan Rohaiza ta bi gefen gonakin da aka ƙone har ta shige bayan itatuwan kwakwa.

Da na juyo Mak Esah na tsaye a shingenta da kwano a rufe.

"Karɓi, miyar kifi ce. Kai kaɗai ne a ƙauyen nan ka ɗauka ba mu sani ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na ga kana shan wahalar shafa allin, na ce kada in kunyata ka." Ta share ido da gefen mayafi. "Da na sani da na kunyata ka tun satin farko."

Asabar bakwai shingenmu babu komai. Nakan dafa shinkafa ta mutum biyu bisa kuskure, in ba agwagi sauran. Sau biyu na hau bas na je ganin Irdina. Sau ɗaya ta fito ta zauna kusa da ni muna kallon fanka, sau ɗaya tana barci saboda maganin. Ƙofar ɗakinta na bar ta a buɗe, amma gidan ya fi shiru fiye da lokacin da take rufe.

Ranar wata Juma'a da la'asar mijin Zaiton ya tsaya a ƙetaren gada da babur, ya miƙo mini leda, ya ce sauri yake yi. Kambas ne a ciki. Jar laka ta kama gefensu, an taka wani abu mai danƙo da na dama, igiyar ɗaya ta yi baƙi. A ciki akwai 'yar takarda da aka yago daga littafin aji.

"Tok Wan, sau biyu na kai bakin ƙofar makaranta na juyo. Sau ɗaya na shiga har ƙarfe tara da rabi. Mak Lang ba ta iya wanki ba. A wanke tukuna kafin a shafa. A aiko kafin Lahadi."

Da safe na gangara magudana. Lakar gari ta fi tamu taurin kai, sai da na sa sabulu sau uku. Na kankare wani ɗan guntu busasshe daga ƙasan na hagu kafin in jiƙa, na ajiye shi a kan kanta tsakanin dutsen da dodon koɗin. Sannan na shafa alli hawa ɗaya, na kife su a kan sanda, na zauna a matakala ni kaɗai ina jiran su bushe.