Ƙarar da Baba Ya Ji

Tela mutum ne da ba ya son raini, shi ya sa abin ya tsaya masa a maƙoshi. Yana hawan tudun bayan kasuwa a kan tsohon babur ɗinsa, sai ƙanin matarsa ya wuce shi fuu a kan sabon mashin, har da waiwayowa: "Yaya, in aiko maka da jaki ya ja ka?"

Ranar Asabar bai buɗe shago ba. Ya shigo da babur tsakar gida, ya shimfiɗa buhu, ya jera sufana da fulaya da sukudireba kamar likita zai shiga tiyata. Ya jingine waya a jikin bokiti, wani mutum a ciki yana koyar da yadda ake ƙara wa inji gudu.

Matarsa ta tsaya riƙe da tsintsiya. "Baban yara, iya keken ɗinki fa daban, kanikanci daban."

"Inji ai inji ne," in ji shi. "Wancan ya ci zare, wannan ya sha mai."

Ya goge fulogi, ya juye baƙin mai ya zuba sabo, ya ɗaure sarƙar da ta saki. Kafireta kuwa a sabon kwanon matarsa ya wanke ta da fetur, ta gani ta yi ƙwafa ta shige ɗaki. Daga nan ya koma kan salansa. Mutumin cikin waya ya ce akwai wani bututu mai huji-huji a ciki, shi ke shaƙe wa inji wuya. Tela ya kwance noti ɗaya, ya zaro shi baƙi ƙirin, ya jefa bayan randa.

Ya buga kik.

Kajin gidan suka watse, wata ta haye katanga. Jaririn maƙwabta ya tsanyara kuka. Tela kuwa baki har kunne. "Kin ji lafiyayyen inji!"

"Me ka ce?" ta yi masa ihu daga ɗaki.

Da ya je gwaji a tudun nan ne ya gane holoƙon hadarin kaka ya haɗa. Babur na ruri kamar zaki, yana tafiya kamar kunkuru mai ciwon baya. Wani mai tallan burodi a kan keke ya jera da shi har ƙarshen tudu, yana ta yi masa sannu. Amma girman kai ya hana Tela mayar da bututun, haka ya yi ta fita da dawowa yana girgiza layin.

Sai da malamar asibitin da ke maƙwabtaka da su ta yi sallama. Aikin dare take yi, barcinta na rana ne, ga idanunta sun yi jawur.

"Maƙwabci," ta ce a hankali, "ka san wata rana za ka zo wajenmu. Allurar da zan yi maka, sai ka yi mako kana ɗinki a tsaye."

Tana fita ya nufi bayan randa. Babu bututu. Ya duba kwandon shara, ya duba akurkin kaji, ya tuhumi matarsa ta rantse. Yana cikin haka ya lura da mahaifinsa zaune a kujerarsa ta ƙofar ɗaki, ya kafa wa bango ido kamar bango ne ya yi masa magana. Tsohon ya daɗe da rasa kunne, sai an kai baki kusa an ɗaga murya yake tsintar kalma. A hannun farar rigarsa kuwa ga baƙin hayaƙi shafe.

Tela ya durƙusa gefensa. "Baba, ƙarfen nan fa?"

"Yana ƙarƙashin filona," in ji Baba, ko kunya babu. "Kuma ba zan bayar ba."

"Haba Baba, unguwa ta tashi a kaina."

Tsohon ya dube shi. "Tun da kunnen nan ya tafi," ya ce, "ban san fitarka ba, ban san dawowarka ba. Sai dai in ga mutum tsaye a kaina. Amma kwanakin nan tun daga bakin layi nake jin ka, har cikin ƙirjina. Sai in ce, to, ga ɗana nan ya dawo lafiya."

Tela ya sunkuyar da kai yana murza yatsun da maiƙo ya ɓata.

Matarsa ce ta raba gardamar. "Ba noti ɗaya ke riƙe da abin ba? A mayar da shi, mutane su yi barci. Ranar hutu ka kai Baba filin ƙwallon bayan gari, ka cire masa ya ji son ransa. In ka dawo daga shago kuma, ka fara leƙa shi kafin ka nemi abinci, ba sai inji ya yi maka sallama ba."

Da ƙyar Baba ya miƙo bututun, naɗe cikin tsohuwar jarida.

Asabar ta gaba da yamma suka isa filin. Tela ya kwance notin, ya ɗaura wa tsohon hular kwano da ta rufe masa gira, ya ɗora shi a baya. Baba ya rungume ƙugunsa gam, babur ya ɗauki ruri, suka fara zagaye. Tsohon na dariya har ragowar haƙoransa biyu a waje.

"Ƙara wuta!" ya yi ihu.

"Baba, iyakar gudunsa ke nan!"

"Me ka ce?"

"Na ce IYAKARSA KE NAN!"

"Madalla," in ji Baba, yana bubbuga masa kafaɗa. "To ƙara!"